Kurakuran masu ƙaura da iyali zuwa Abuja: gida da makarantar yara

Kusan duk shekara sai an yi wa wani na kusa da ni canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuma sai ya faɗa ramin da na faɗa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, gara in rubuta.

Babban kuskure shi ne kama gida kafin a nemi makaranta. Ni haka na yi. Dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku a Mararaba, can bayan garin Abuja ta ɓangaren Jihar Nasarawa, ranar Lahadi da hantsi, hanya fayau, haya da sauƙi, nan take na biya kuɗin shekara. Daga baya na sa yara a wata firamare cikin gari kusa da ofis, wai in riƙa sauke su. Ranar Litinin na gane kurena. Hanyar Keffi da ke bi ta Nyanya zuwa mahaɗar AYA a cikin Abuja ita ce ke kwaso ma'aikatan Masaka da Mararaba da Karu duk safiya. Muna sallame Asuba muke fita. 'Yata mai shekara 6 a mota take cin burodi, ta ɓingire da barci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Sai ga malamarta ta kira ni: "Malam, yarinyar nan lafiya kuwa? Kullum gyangyaɗi take a aji." Islamiyya kuwa ta gagara, don sai dab da Magariba muke isowa gida. Zango biyu muka jure muka tashi, sauran kuɗin hayar ya bi ruwa.

Yanzu ba na biyan ko sisi sai na bi hanyar da ƙarfe 7 na safiyar ranar aiki, na sake bi da yamma. In makaranta ta wuce tafiyar minti 20 daga gida, na haƙura da ita komai kyanta.

Na biyu, ruɗuwa da fenti. Haba jama'a! An nuna maka ƙofa mai ƙyalli da ɗakin kwamfuta, shugabar makaranta ta zuba maka Turanci, shi ke nan ka miƙa ɗanka? Ka ce a ba ka littafin rubutun ɗan aji 3 ka ga ko ana duba aiki. Ka leƙa banɗaki. Ka tambayi malamar ajin shekararta nawa a wurin, domin inda ba a biyan albashi kan kari malamai ba sa zama. Kuma kada ka raina makarantun LEA na gwamnati tun ba ka shiga ba; ka je ka ƙirga yaran aji da idonka.

Ka nemi jimillar kuɗi a rubuce, har da na yunifom da littattafai da motar makaranta.

Ka ga unguwa da damina. Wanda ya san yadda ambaliya ke yi wa unguwar Lokogoma a watan Agusta ya san dalili. Ka tambayi maƙwabta ko ruwan famfo na zuwa ko sai 'yan garuwa.

Shekarar karatu a Satumba take farawa, in da hali a daidaita tashi da ita.

Sannan ka tafi da uwargida duba gidan. Ita za ta wuni a unguwar, ita za ta ɗauko yaro ranar da zazzaɓi ya rufe shi kana ofis.