Kafin ka je sayen kayan gyaran tsohuwar Camry

'Yan uwa, kafin ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman safaya, ɗauki hoton lambar shasin motarka a waya. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Haruffa da lambobi 17 ne.

Ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar motar: Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001, 3 kuma 2003. Na farkon kuwa yana nuna inda aka ƙera ta. J Japan ce, 4 Amurka.

Kada ka raina wannan. Camry biyu za ka gani shekara ɗaya, jiki ɗaya, amma wasu kayansu ba sa shiga juna. Ni sau biyu ina komawa kasuwa da takalmin birki a leda, ga kuɗin Adaidaita, ga bakanike ya ɗaga mota a kan jak yana jira. Mai shago kuma ya ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa.

In ka ciro tsohon kayan da za ka sauya, tafi da shi ka ɗora a kan sabon. Duba lambar jikinsa, ta Toyota yawanci goma ce, biyar da biyar.

Sai dai in an taɓa sauya injin, lambar shasi ba za ta taimake ka a kayan inji ba. Nemi lambar da ke jikin injin, kamar 5S ko 2AZ. Motar da ta fito daga Turai ma ba lallai harafi na goma ya nuna shekara ba.