Yadda na dawo da wasana na Metroid bayan lambar sirri ta ƙi shiga

Kwana uku ina fama da Metroid, wasan Nintendo na 1986 da Samus Aran ke yawo a ƙarƙashin duniyar Zebes. Kaset ɗin NES, na'urar wasan Nintendo, ba ya ajiye inda ka tsaya. Idan aka kashe ka, sai ya nuna maka lambar sirri mai haruffa 24 ka kwafe. Na kai Norfair, wani yanki na Zebes, na rubuta tawa a bayan takardar kuɗin wuta. Washegari na shigar sau biyar, ta ƙi.

Har na fara zargin kaset ɗin, na goge haƙoransa da auduga. Ashe laifin hannuna ne. Lambar tana haɗa manyan haruffa da ƙanana da alƙaluma, ni kuwa sifiri da O duk zagaye ɗaya nake yi musu, 1 da ƙaramin l kuma sanda ɗaya. Harafi guda ya kuskure, wasan ya watsar da ita gaba ɗaya.

Sai na ja layi ƙarƙashin wurare uku da nake shakka, na riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya. A gwaji na shida ta shiga, ga Samus a Norfair da makamanta cif. Yanzu hoton allon nake ɗauka da waya.