Yadda Ake Tantance Laifin 'Yan Baya Idan An Zura Wa Ƙungiya Ƙwallo

A gidajen kallo na Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, da zarar ƙwallo ta taɓa raga sai ka ji an yanke hukunci tun kafin a maimaita ta a talabijin: "'Yan baya ne suka kashe mu!" Haka nake ji a filin wasa na Muhammadu Dikko idan Katsina United na taka leda, kuma abin yana damuna, domin sau da yawa wanda aka ɗora wa laifin shi ne kawai aka gani kusa da raga lokacin da ɓarnar ta kammala.

Abu na farko shi ne ka koma baya ka gano inda ƙwallon ta kuɓuce wa ƙungiyarku, kada ka fara daga inda ta shiga. Wasan da Jamus ta ci Brazil 7 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2014 ya isa misali. Ƙwallon farko ta fito daga bugun kusurwa, inda aka bar Thomas Müller na Jamus shi kaɗai babu mai riƙe shi, kuma wannan laifin masu tsaron baya ne ƙarara. Amma ta huɗu daban ce: Toni Kroos ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar Fernandinho, wanda ɗan tsakiyar Brazil ne, a lokacin da 'yan baya ba su ma shirya ba. Duk da haka, har yau sunan David Luiz, ɗan bayan Brazil, ake fara kira.

Daga nan sai ka tsayar da hoton a daidai lokacin da aka kawo harin, ka ƙirga mutane. Idan 'yan gaban abokan hamayya huɗu ne suka taho a guje, masu tsaron baya biyu kaɗai suka rage, to tambayar ita ce ina sauran suka tafi, kuma wa ya tura su. A nan ne ake gane hannun koci. Idan shi ya umarci 'yan baya na gefe su riƙa hawa gaba, ko ya sa a matso tsakiyar fili domin tarkon satar gida alhali 'yan bayansa ba su da gudu, to shi ya buɗe ƙofar. Ka kuma duba ko akwai ɗan tsakiyar da ke tare musu gaba. Chelsea ta Mourinho ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38 na gasar Firimiyar Ingila a kakar 2004/05, kuma duk wanda ya kalli wasanninta ya san 'yan bayanta John Terry da Ricardo Carvalho sun yi aikinsu ne ɗan tsakiya Claude Makélélé na tsaye a gabansu yana yanke hare-hare tun daga tushe.

Gola ma a duba shi, musamman idan ya yi jinkirin fitowa ko bai yi wa na gabansa magana ba.

Sai bayan duk wannan ne za ka dubi ɗan bayan kansa, kuma a nan ban yarda a rufa masa asiri ba. Idan idonsa na kan ƙwallo ya manta da mutumin da ke bayansa, ko ya zube ƙasa da wuri aka yanke shi aka wuce, ko shi kaɗai ya maƙale a baya ya ɓata tarkon satar gida, laifinsa ne, a faɗa. Sai dai kafin ka ce a sayar da shi, ka kalli wasanninsa biyar ko shida a jere, ka rubuta sau nawa ya maimaita kuskure iri ɗaya, da kuma sau nawa ya tare ƙwallon da kowa ya ɗauka ta shiga.