Kada Ka Sake Zuwa Jifar Faifai da Silifas da Kaftani

Asabar ɗin da ta wuce wani sabon yaro ya biyo abokinsa filin da muke wasa a bayan gari, ta hanyar Wamakko. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha sitaci ta sha bugu, ga hula zanna, ga silifas na fata sabo dal. Ina ganinsa na san yau sai mun tsaya cire ƙaya. Kafin mu kai kwando na huɗu kuwa ya zauna dirshan yana tsintar tsidau a diddige, shaddar ta koma kalar kunun kanwa. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai ba a gaya min daji za a shiga ba." Shi ne wajen mutum na goma da ya faɗa min haka, kuma bakina ya gaji. Daga yau duk wanda zai biyo mu, a tura masa wannan ya karanta tun daga gida.

Ga wanda bai san wasan ba, golf ɗin faifai, wanda a intanet za ka same shi da sunan disc golf, jifa ce da faifan roba zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke kan sanda. Wanda ya zagaye kwandunan da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. A Amurka aka tsara shi. Ed Headrick ya kafa fili na farko mai ɗorewa a Oak Grove da ke Kaliforniya a 1975, a 1976 kuma ya kafa ƙungiyar PDGA da ke kula da dokokinsa. Doka ba ta yarda faifai ya wuce giram 200 ba, yawancin namu tsakanin 165 da 175 suke. Mu nan kwanduna uku mai walda ya haɗa mana, sauran kututturen dogon yaro ne da muka ɗaura wa jan ƙyalle.

Wannan rashin nauyin faifan shi ke yaudarar mutane. Sai mutum ya ɗaga ya ji kamar murfin kwano, ya ce ai aikin hannu ne kawai, ko da me na zo zan iya. Alhali ƙarfin jifar daga ƙasa yake tasowa. Idan na-dama ne kai kana jifar bayan hannu, taku uku ko huɗu za ka yi a karkace, ƙafar hagu ta gitta ta bayan ta dama, sannan ka kafa ta dama, nauyinka gaba ɗaya ya sauka a kanta, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu ya zo ƙarshe. Daga nan dole ƙafar da ka kafa ta juya a kan diddige don ta saki abin da ya rage. Duk maganar takalmi a wannan wasa tana cikin wannan ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Ni ma da silifas na fara, kada wani ya zaci daga sama na faɗo. Hunturun shekarata ta farko ne, da safe, a kan fako da iska ta shimfiɗa wa rairayi sama-sama. Na zo da gudu na kafa ƙafa, silifas ya tsaya inda yake, ƙafata ta wuce ta gefensa. Na ji ƙas a idon sawu. Igiyar silifas ta tsinke, farcen babban yatsa ya ɗaye rabi, faifan ko ina ya tafi ban sani ba, yara ne suka tsinto shi. A kan babur aka goya ni zuwa wurin wani dattijo mai ɗori a cikin gari. Ya taɓa, ya murza, na yi ƙara, ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne. Sannan ya tambaye ni, "Ɗana, mi yak kai ka?" Na ce, "Baba, wasa muke." Ya dubi guntun silifas ɗin da ke hannun ƙanena ya ce, "Da wanga? Wanga na zuwa masallaci na." Sati shida ina sallah a zaune. Mahaifiyata kullum ta shigo duba ni sai ta ce magidanci da 'ya'ya ya je ya karya ƙafa garin jifa da faifai, kuma ba ni da amsa.

Da na warke sai na yi wayon banza. Na ce tunda zamewa ce ta kayar da ni, bari in sa abin da ba ya zamewa sam. Na ɗauko takalmin ƙwallo mai haƙora a ƙasa. An gudu ba a tsira ba. A kan fako haƙoran ba sa shiga, sai ka ji kamar kana tafiya a kan tsakuwa. A ƙasa mai laushi kuma, irin ta bayan ruwan sama, sukan nutse su riƙe gam, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi juyawa, murɗawar duka ta taru a gwiwa. Ba rana ɗaya abin ya same ni ba, a hankali ya ci ni. Bayan wata guda gwiwar dama ta kumbura, hawa bene sai da dafa bango, kuma har yau in sanyi ya shigo tana tuna min. Wannan ya fi silifas haɗari, domin shi silifas kowa na ganinsa ya yi maka faɗa, amma mai takalmin ƙwallo kallon ɗan wasa ake masa. Samarin da ke zuwa mana daga filin ƙwallo kai tsaye, da ku nake. Na faɗa, na sake faɗa, wani ma har cewa ya yi ai gwiwarsa ta saba. To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Abin da ake so takalmi ya riƙe ƙasa lokacin da ka kafa, ya kuma sake ta lokacin da ka juya. Ni kambas nake sawa irin na masu gudu a daji da tsaunuka, mai ƙasan roba mai ƙananan tsaga, marar tudu, mai faɗi, da roba ta rufe kan yatsu. A gwanjo nake saye, kuma ba na jin kunyar faɗa. In na ɗauka sai in murɗa shi kamar mai matsar wanki. In ya murɗe ba gardama, na ajiye. In danna bayan diddigen da babban yatsa. In ya lotsa, na ajiye. Masu ƙasan soso mai kauri ɗin nan da ake yayi, masu daɗin takawa kamar katifa, ba na kallonsu ma. Tudunsu ke sa ƙafa ta gurɗe, kuma ƙayar aduwa ratsa soso take kamar allura a tuwo. Da yamma nake zuwa saye, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da zan yi wasa da ita a ƙafata. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi kwana uku huɗu kana yawo da shi a unguwa kafin ka kai shi fili, in ba haka ba bororo zai mai da kai gida.

Wani abu da ba wanda ya gaya min: ƙafar baya tana jan ƙasa da kan yatsu bayan kowace jifa. In na-dama ne, mai jifar bayan hannu takalmin hagu yake cinyewa, mai jifa ta gefe, wato da gaban hannu, takalmin dama. Takalma biyu na huda kafin in gane. Yanzu da na saya sai in kai wa baduku ya ɗinka min guntun fata mai kauri a kan yatsan. Muna garin fata, abin kunya ne takalmi ya mutu saboda ramin da bai fi kwabo ba.

Masu kallon bidiyon gasar Finland da Amurka kuma ku yi hankali da kwaikwayo. Takalma masu hana ruwa shiga, irin masu Gore-Tex, don raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa suke sa su. Ka sa wannan a Sakkwato a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ƙafarka dahuwa za ta yi. A damina ma ni na fi son wanda ruwa zai shiga ya fita ya bushe da wuri.

Yanzu kaftani. Haba jama'a! Ni ma Basakkwace ne, na san fita ba kaftani kamar fita ba kai ne ga wasunmu. Amma faifan nan dab da ƙirji yake wucewa, kusan yana shafar riga. Ranar da na koyi wannan, daga ɗaurin aure na wuce fili, na ce jifa biyu kawai zan yi. Wayata na aljihun gaba. Na ja hannu da ƙarfi, bakin faifan ya daki wayar, hannun rigar ya harɗe wuyan hannuna, faifan ya makara bai fita ba sai da ya karkata dama, ya lula ya faɗa tsakiyar wani kududdufi. Gilashin waya ya tsage gida biyu. Faifan kuwa na kamfanin Innova ne da wani ɗan'uwa ya kawo min daga waje, ba abin da za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka ba ne. Na biya yara suka yi ta lalube a laka har magariba, ba a gan shi ba. Wayar na gyara a kwana biyu, faifan har yau in na tuna sai na yi tsaki. Ban da hannu, ƙasan kaftanin ma yana shiga tsakanin ƙafafu wajen gittawa. Jallabiya ta fi muni. Babbar riga kuwa, wallahi na taɓa ganin wanda ya gwada, ya naɗe ta a kafaɗa, yana juyawa ta warware ta rufe masa fuska.

Riga marar nauyi nake sawa, mai dogon hannu, daidai jiki, fara ko mai haske, ba aljihun gaba. Dogon hannun don rana ne da ƙayar magarya. Masu rubutu a intanet za su ce maka ka guji auduga domin tana riƙe gumi, ka sa jesi. Ƙasarsu suke kwatantawa. A bazararmu iska bushe take ƙamas, rigar auduga da ta jiƙe da gumi sanyaya jiki take yayin da take bushewa, har nakan yayyafa mata ruwa da gangan. Sai Agusta, da iska ta yi nauyi gumi ya ƙi bushewa, nake komawa jesi. Akwai abokin wasanmu da bai yarda da ni ba a kan wannan, jesi yake sawa duk shekara, muna ta musu.

Wando dogo, ba gajere ba. Mutunci ɗaya, ƙaya biyu. Sai dai ka dubi yadin: wandon motsa jiki mai gashi-gashi ƙarangiya yake tarawa, a ƙarshen damina ka ratsa ciyawa sau ɗaya ka fito kamar bushiya. Mai santsi ka nema. Jins kuma zafi da gurzar cinya. Kafin ka fito ka tsuguna ka ware ƙafa a ɗaki, in ka ji ɗinki na kuka, canza.

Ƙanwata takan zo da ƙawayenta wani lokaci, kuma ita ta warware nasu da kanta. Dogon hijabi har ƙasa yana kama hannu, gyale yana zamewa a jifar farko. Sai take sa ƙaramin hijabi marar fil, ta cusa ƙasansa cikin doguwar riga mai tsaga a gefe da ta sauko gwiwa, da wando mai faɗi. Ta rufu ruf, kuma tana jifa fiye da wasu mazan.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa kambas ba safa, kuma ka zo da ta canji. Malfa tana da inuwa amma bakinta na karo da kafaɗa, iska kuma ta ɗauke ta. Ni hana-sallah nake jifa da ita, malfar sai tsakanin kwanduna. Zoben azurfa a hannun jifa, cire shi. Agogo ma. Baƙaƙen kaya a watan Maris neman magana ne. Da hunturu riguna biyu marasa kauri sun fi jibgegiyar rigar sanyi ɗaya, domin kafin ƙarfe 10 za ka so tuɓe ɗaya. In hazo ya yi yawa ka zo da takunkumi. Man kaɗe ko basilin da dare ake shafa wa hannu. Ka shafa da safe faifai ya riƙa suɓuce maka, ka ƙi shafawa gaba ɗaya yatsan manuni ya tsage daidai inda bakin faifai ke gurza. Ɗan tsumma a ƙugu don gumi da ƙura.

Silifas ɗin da na zaga tun farko yana da wurinsa: cikin jaka, don alwala in la'asar ta same mu a fili. Amma in ka tuɓe kambas ka ajiye a gindin bishiya, ka kakkaɓe shi kafin ka mayar, kunama na son inuwar cikin takalmi. Faifai kuma in ya shige cikin duhuwar ciyawa da damina, musamman dab da magariba, da sanda ake fara bincikawa, ba da ƙafa ko hannu ba. Kububuwa ƙarama ce, kalar ƙasa gare ta, kuma kambas bai rufe idon sawu ba.

Akwai tsohon kambas lamba 43 a bayan motata, mai facin fata a yatsan hagu, na ajiye shi don masu taurin kai. Wanda ya zo da silifas ranar Asabar ya same shi daidai, ya sa. Wanda ƙafarsa ta fi haka, takardar maki da biro za mu ba shi ya riƙe mana.