Yadda Ake Gwada Fawa Saflai na Kwamfuta Idan Ta Ɗauki Lodi

Masu gyaran kwamfuta da yawa suna yanke hukunci cewa na'urar da ke ba kwamfuta wuta, wato fawa saflai, tana lafiya da zarar sun ga fankarta ta juya. Juyawar fanka tana nuna cewa na'urar ta tashi, amma ba ta nuna ko za ta iya riƙe ƙarfinta idan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto suka fara jan wuta da gaske, wato lokacin da ta ɗauki lodi. Na'urar da ta fara gajiya takan yi aiki lami lafiya muddin rubutu ake yi ko duba intanet, sai an ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi ta mutu farat ɗaya, ko ta sake tashi da kanta ba tare da saƙon kuskure ba.

Kafin komai, kada a kwance murfin na'urar, domin manyan kafasita, wato sassan da ke tara wuta, da ke cikinta suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga soket. Duk awon da ake bukata ana yin sa ne a bakin wayoyi, da maltimita, wato mitar awon wuta, da aka saita a awon bolt na DC. A tabbatar jan tsinken mitar yana cikin ramin bolt, domin idan yana ramin amfiya zai haɗa wuta nan take.

Gwajin farko gajere ne. A cire wayoyin na'urar daga kwamfuta, a lanƙwasa kilif ɗin ƙarfe na maƙale takarda a haɗa koriyar waya da kowace baƙar waya a babban fulogi mai fil 24, sannan a kunna. Idan ba ta tashi ba, magana ta ƙare. Wasu na'urorin zamani ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, don haka mita ce za ta raba gardama.

Idan ta tashi, a mayar da komai wurinsa, a kunna kwamfuta a bar ta ba aiki. A ɗora baƙin tsinke a kan baƙar waya, a zura jan tsinke a hankali ta bayan fulogi har ya taɓa ƙarfen fil. Waya mai ruwan ɗorawa tana ɗauke da bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo kuma bolt 3.3. Ƙa'idar ATX ta tsarin sassan kwamfuta, wadda kamfanin Intel ya fito da ita a 1995, ta daɗe tana amincewa da bambancin kashi 5 cikin ɗari: layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 tsakanin 4.75 da 5.25, layin 3.3 kuma tsakanin 3.14 da 3.47. A rubuta lambobin a takarda. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, a nemi zanen jerin fil a littafin na'urar maimakon a yi cinke.

Yanzu aka zo ga ainihin gwajin. A kunna manhajar Prime95 don ta matsa wa furosesa, a haɗa da manhajar FurMark don katin hoto, ko a yi amfani da manhajar OCCT wadda take iya matsa wa duka biyun lokaci guda. A zuba wa layin 12 ido, domin shi ne ke ciyar da waɗannan sassa biyu masu cin wuta, kuma ya fi kyau a auna shi a fulogin katin hoto ko na furosesa, inda lodin yake. Lambar takan ɗan sauka kaɗan sannan ta tsaya, wannan ba laifi ba ne. Abin damuwa shi ne ta gangaro kusa da 11.4, ko ta yi ta hawa da sauka ba ta zauna wuri ɗaya ba. A tsayar da lodin a sake tayar da shi sau da dama, saboda canjin ba-zata yakan tona raunin da lodi mai ɗorewa yake rufewa.

A nan ne mutane suke gaggawa, kuma a ganina gaggawar ce take lalata gwajin. Tsohuwar kafasita takan nuna halinta ne bayan na'urar ta yi zafi, don haka a bar lodin ya kai minti 30 zuwa awa ɗaya, akwatin kwamfutar yana rufe gwargwadon yadda wayoyin mita suka bari. A riƙa lura da zafin furosesa a manhajar HWiNFO, kada a ɗora wa fawa saflai laifin da zafi ya jawo. Amma lambobin bolt da irin wannan manhaja take nunawa daga madabod, wato babban allon kwamfuta, suke fitowa kuma sukan kauce, don haka mita ce abin dogaro. Da an ji ƙaurin ƙuna ko ƙarar tartsatsi, a kashe daga soket.

Akwai abin da maltimita ba ta gani, wato ƙananan girgizar wuta da ke faruwa cikin ƙiftawar ido. Ƙa'ida ta kayyade su a milibolt 120 a layin 12 da milibolt 50 a layin 5 da 3.3, kuma sai da osiloskof, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, ake auna su. Wanda ba shi da shi, idan lambobin mita sun yi kyau amma kwamfutar tana ci gaba da mutuwa, sai ya ari wata na'ura lafiyayya mai isasshen wat, tare da wayoyinta na asali, ya maimaita gwajin da lodi iri ɗaya. Idan mutuwar ta daina, a sauya tsohuwar.