Yadda Na Gyara Karkatar Tayoyin Bayan Motata

Tayoyin baya na ƙaramar motata ta tsere sun riƙa cinyewa ta gefen ciki kawai, saboda ramukan hanyar Garwa zuwa Marwa sun kwantar da sifirin, bayan motar ya sauka, kawunan tayoyin suka karkata ciki. Da tsayin motar daga ƙasa na fara, domin shi ke jan karkatar. Na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, na auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, na canza sifirin biyun tare. Sannan na juya kusoshin daidaitawa har igiyar awon magina ta nuna karkatar milimita 7 a rim mai inci 16, wato kusan digiri 1. Ban ɗaure kusoshin tamau ba sai da motar ta zauna kan tayoyinta, don kada robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar motar su murɗe.