Yadda na gyara ɗingishin doki bayan yankan kofato

Dokin da ba a sa wa takalmin ƙarfe, in ya riƙa ɗingishi kwana biyu ko uku duk bayan gyaran kofato, galibi laifin wuƙa ne. Mai gyaran yana kankare tafin kofaton har ya yi laushi, alhali wannan taurin shi ne kariyarsa daga tsakuwa. Na sauya mai gyara, ga abin da na duba.

Kafin ya ɗauki wuƙa, ya sa a ja dokin a ƙasa mai tauri ya ga takunsa. Wanda ya durƙusa kai tsaye ya hau yanka, sallame shi. Bangon kofato kaɗai zai rage, ya daidaita dunduniyoyi biyu, sannan ya bi gefen da magagari ya kashe kaifin don kada ya tsage. Tsokar nan mai kusurwa uku ta tsakiya, abin da ya ruɓe kawai ake cirewa.

Kofato na tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka duk mako 4 zuwa 6 ake gyara. Dokin da ke kiwo a fadamar Argungu da damina kofatonsa laushi gare shi, sai a sassauta hannu, a riƙa duba wari da baƙin ruwa a tafin kofaton, alamar ruɓewa. Kada a yanke ana gobe hawan Sallah, a yanke tun saura mako 2.

In kofato ya yi zafi, doki ya ƙi taka shi, mai gyaran kirki cewa zai yi a kira likitan dabbobi.